Ƙurajen Balaga: Sabulun Salo, Man Haɗi, Famasi Ko Asibiti?

A zangunan Kumasi da ke Ghana, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, idan ƙurajen balaga suka feso wa yaro a fuska, hanya huɗu ce a gaban iyayensa. Ko a riƙe sabulun salo da su lemun tsami a gida, ko a sayo man haɗi wurin masu kayan kwalliya a kasuwar Kejetia, ko a shiga famasi a karɓo na shafawa, ko kuma a yanki kati a asibiti. Yawanci da tambaya ɗaya ake zaɓe: wanne ya fi sauri? Ni kuwa a ganina tambayar ce ke kai mutane ta baro. A baƙar fata irin tamu ƙurji ba ya wuce mako ɗaya ko biyu ya kwanta, amma baƙin tabon da ya bari yakan yi wata shida, wani ya shekara, wani ma ya zarce. Yarinyar da ke jan gefen hijabi tana rufe kumatu ba don ƙurji ukun da ke fuskarta yau take yi ba, tabon bara ne ke damunta. Don haka ma'aunin da zan ɗora kowace hanya a kai shi ne: tana hana sabon ƙurji fitowa kuwa, kuma wace irin fuska take bari bayan wata uku?

Da balaga ta zo, sinadaran jiki da ake kira androjin, waɗanda maza da mata duka ke da su, sukan sa 'yan jakunkunan maiƙo da ke gindin kowane gashi su ƙara aiki. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar gashin, kamar dai yadda leda ke toshe kwata da damina. Idan bakin ƙofar a buɗe yake, iska ta taɓa abin da ya taru sai ya yi baƙi. Baƙin ɗigon nan da ake gani a hanci ba dauɗa ba ce, shi ya sa dirza ba ta fitar da shi. Idan a rufe yake sai ya zama ɗan farin tsiro. A cikin toshiyar ne wata ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes, wadda dama tana zaune a fatar kowa, take samun wurin hayayyafa, jiki ya tashi yaƙarta, sai kumburi da mugunya. Kumburin shi ke tsokano ƙwayoyin launin fata su zubo baƙi a wurin. Toshiyar kuma tana yin makonni a ƙarƙashin fata kafin ido ya gan ta, ke nan ƙurjin da ya fito ranar Juma'a ba gyaɗar ranar Laraba ce ta kawo shi ba. Likitocin fata na Amurka sun ƙiyasta cewa kusan 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 sukan yi shi ko da kaɗan ne. Ba ƙazanta ba ce, ba dattin jini ba ne, ba kuma alamar yaro ya fara lalacewa ba ce, duk da tsokanar da 'yan majalisa ke yi wa samari.

Na gida shi ne a hannun kowa. Sabulun salo, alata samina ɗin da ake tallarsa ko'ina a kasuwa, da tokar ɓawon koko ko na ayaba ake yinsa, a haɗa da man alayyadi ko man kaɗe. Yana wanke maiƙo sosai, ga araha, kuma yaron da ƙurajensa ba su wuce 'yan tsiraru ba zai iya zama a kansa lafiya lau: kumfa a tafin hannu, safe da dare, a ɗauraye. Iyakarsa ke nan. Ba ya shiga ƙofar gashi ya buɗe toshiya, ba ya hana wata sabuwa. Sabulu ne kuma mai kaifi, ɗanyensa wani har da ɓurɓushin toka a ciki. Idan aka haɗa shi da soson ragar da muke wanka da shi aka dirje fuska sau huɗu a yini, fatar bushewa take yi ta kama raɗaɗi, tabon ya ƙara duhu. Alwala sau biyar ba ta cikin wannan lissafi, ruwa zalla ba ya cutar da fuska.

Lemun tsami da man goge baki kam ban ga dalilin ɗora su a ma'auni ba. Dukansu ƙona fata suke yi, kuma ruwan lemun tsami idan rana ta same shi a jiki yana iya barin baƙin shaci da ya fi na ƙurjin muni. Zuma da kurkum ba su cika cutarwa ba, sai dai ba sa kaiwa inda matsalar take. Man kaɗe na gaske alheri ne ga hannu da ƙafa da hunturu, wasu ma fuskarsu na ɗaukarsa. Amma man kwakwa, man koko da man gashi mai kauri su ne ke jera wa yara ƙananan ƙuraje a goshi, daidai inda gashi ya tsaya ko inda hular hijabi ke matsewa. Idan a goshi kawai suke, kafin a kashe ko sidi ɗaya a famasi a duba abin da yaron ke shafa wa kansa.

Ta fuskar abinci, gyaɗa da ƙwai sun sha zargi ba tare da hujja mai ƙarfi ba. Abin da bincike ya fi nuna wa yatsa shi ne sukari da duk abin da ke saurin zama sukari a jiki, irin lemun kwalba, farin burodi, zoɓo da burkinar da aka labta wa zaƙi, sai madara ga wasu mutane, da garin furotin da samari masu ɗaga ƙarfe ke sha. Rage su yana taimakawa kaɗan. Hana yaro miyar gyaɗa ba magani ba ne.

Hanya ta biyu ita ta fi kasuwa, ita kuma na fi tsoro. Man haɗi a 'yar farar roba yake zuwa, ba suna, ba lambar rajistar hukumar FDA ta Ghana mai kula da abinci da magunguna, sai alƙawarin kwana uku. Kuma a kwana ukun ana ganin canji, abin da ya sa hana mutane shi ke da wuya ke nan. Sirrin yawancinsu sitiroyid ne, irin su clobetasol da betamethasone, magungunan da aka yi domin wasu cututtukan fata masu tsananin ƙaiƙayi da kumburi, a shafa na ɗan lokaci bisa umarnin likita. Su ne a cikin Dermovate da Betnovate, su ne kuma a cikin mayukan nan masu magani uku a haɗe irin Funbact-A da Skineal, waɗanda iyaye da yawa ke ɗauka man ƙuraje ne. Waɗannan ba jabu ba ne, suna da aikinsu, aikin ne ba wannan ba. Sitiroyid danne kumburi yake yi, sai ƙurjin ya kwanta, fuska ta yi haske ta yi sumul, alhali toshiyar na nan daram, ƙwayar cutar ma ta samu sake. Bayan wata biyu ko uku sai wasu ƙananan ƙuraje kansu ɗaya su ɓarke, fata ta yi siriri har ana hango jijiyoyi, kyasbi ya yaɗu, inda aka shafa a jiki nankarwa ta tsaga. Aka daina na kwana biyu fuska ta yi ja ta kama ƙaiƙayi, dole a koma. Sauri ya haifi nawa.

A wani famasi da ke Aboabo wata uwa ta shigo da 'yarta, ba za ta wuce shekara 16 ba, ta zaro robar daga jaka ta ajiye a kan kanta. "Malam, a ba mu wanda ya fi wannan ƙarfi, na wurin Hajiyar ya daina ci." Mai famasin ya buɗe ya sansana, sannan ya dubi yarinyar: kumatu sun yi fari suna sheƙi, gefen ido da wuya baƙi, goshi cike da ƙananan ƙuraje. Ya ce, "Mma, tun yaushe take shafawa?" Ta ce tun ƙaramar Sallah. Ya juya wurin yarinyar. "Ƙanwata, in kin kwana biyu ba ki shafa ba fa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Zafi take yi, Yaya, ta yi ja, ba na iya fita." Bai sayar musu da komai ba, takarda ya rubuta ya ce su je asibiti. Daidai ya yi, domin fuskar da ta yi watanni a kan sitiroyid mai ƙarfi janye shi ake yi sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likita, kuma sai an yi haƙuri da 'yan makonni na muni kafin ta dawo.

Wasu haɗe-haɗen kuma da hydroquinone a ciki, sinadarin bilicin da hukumar FDA ta Ghana ta hana shigo da kayan kwalliyar da ke ɗauke da shi tun 2016, amma har yau bai ƙare a kasuwa ba. Daɗewa a kansa yana barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu wanda likitoci ma ke shan wahalar gusar da shi. An kuma sha samun makuri, wani ƙarfe mai guba, a wasu mayukan bilicin, shi kuwa ƙoda yake taɓawa. A ma'aunina man haɗi shi ne na ɗaya a makon farko, shi ne na ƙarshe a wata na uku.

Zaɓen gaske a cikin famasi yake, tsakanin magani biyu: benzoyl peroxide da adapalene. A lura dai, famasi daban, ƙaramin shagon magani daban. Na biyun lasisinsa na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kawai, kuma ba lalle a samu wanda ya karanci magani a ciki ba. In da hali a je inda akwai famasis a nuna masa fuskar.

Benzoyl peroxide tsohon magani ne, an fi shekara 50 ana aiki da shi. Iskar oksijin yake saki a cikin ƙofar gashi ya kashe ƙwayar cutar, kuma har yau ba a ga ta saba da shi ta daina jinsa ba, saɓanin abin da ke faruwa da antibayotik. Gwaninta tasa a kan jajayen ƙuraje masu mugunya ce, cikin mako biyu zuwa huɗu akan fara ganin sun ragu. Yana zuwa da ƙarfi uku, kashi 2.5, kashi 5 da kashi 10 cikin 100, mu kuwa ɗabi'armu ce mu ce a ba mu mai ƙarfin. Tun 1986 wani gwaji ya nuna na 2.5 aikinsa ɗaya da na 10, sai dai bai kai shi ƙona fata ba. Tunda ƙunar ita ke zama tabo a gare mu, na 10 bai dace da fuska ba, a bar wa gadon baya. Aibinsa da ba a faɗa wa mutane a kan kanta shi ne cin launin tufafi. Baƙin hijabi ko mai ruwan bula sai a ga ya yi dabbare-dabbare ruwan goro a inda ya zagaye haɓa, haka tawul, haka rigar matashin kai, haka wuyan rigar makaranta, kuma ba ya wankuwa. Yarinyar da ta yi asarar hijabi biyu ba za ta sake taɓa maganin ba. Mafita ita ce farar rigar matashi da farin tawul, a wanke hannu bayan shafawa, ko kuma a nemi na wanki, wanda ake shafawa a bar shi minti biyu kafin a watsa ruwa. Shi na wankin ya fi sauƙi ga mai ƙuraje a ƙirji da baya. Kada a ajiye shi a taga ko inda zafi ke dukansa, zafi na lalata shi.

Adapalene kuwa ɗan gidan bitamin A ne. An amince da shi a Amurka a 1996, a 2016 kuma aka yarda a sayar da na kashi 0.1 cikin 100 ba tare da takardar likita ba ga mai shekara 12 zuwa sama. Differin shi ne sunan da aka fi sani, amma akwai na wasu kamfanoni, musamman na Indiya, masu rangwamen kuɗi. Shi toshiyar kanta yake bi, ya buɗe wadda ke nan, ya hana wata taruwa, yana kuma sa fata ta riƙa sabunta kanta har tabo ya dusashe da sauri. Fuskar da in an shafa ake jin gurzi-gurzi, mai baƙaƙen ɗigo da fararen tsiro, tasa ce. Matsalarsa jinkirin aiki da wahalar farko. A mako biyu zuwa huɗun farko fata na bushewa, tana saɓa a gefen hanci da baki, wani lokaci ma ƙurajen su yi kamar sun ƙaru. A nan yawancin yara ke jefar da shi, uwa kuma ta ce ai dama maganin Turawa bai karɓe shi ba, alhali lokacin ne ya fara aiki.

Yadda ake shafa shi ya kai rabin maganin. Bayan sallar isha'i ne lokacinsa, domin duk abin da aka shafa da rana alwalar azahar za ta tafi da shi, na dare kuwa yana samun sa'o'insa kafin asuba. A wanke fuska, a bar ta ta bushe sarai, a matso gwargwadon ƙwayar wake ɗaya tak, a ɗiga a goshi, kumatu biyu da haɓa, a baza ko'ina, a kauce wa gefen ido, kusurwar hanci da leɓe. Fuska duka ake shafawa, ba kan ƙurji ba, tunda wanda bai fito ba ake tarewa. A fara da dare biyu ko uku a mako, a ƙara sannu a hankali, a bi shi da man shafawa mara nauyi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, in fata ta fara tsagewa a koma tsallake dare ɗaya. A wannan awon giram 30 yakan kai wata biyu.

To wanne? In kuɗin na ɗaya ne kawai kuma ƙurajen jajaye ne masu mugunya, benzoyl peroxide na 2.5 ko na 5. In gurzi-gurzi ne da tabo, adapalene. Ra'ayina shi ne yawancin yaranmu adapalene ne ya kamata ya zama ginshiƙinsu, domin shi ke tare ƙurjin kafin ya kai ga barin tabo. Haɗa su biyun ya fi kowanne shi kaɗai. Hukumar NICE ta Ingila mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, a jagorar da ta fitar a 2021, ta sa haɗin nan cikin zaɓin farko komai tsananin ƙurajen, ta kuma ce a ba magani mako 12 kafin a yanke masa hukunci. Akwai wanda aka haɗa su a wuri ɗaya, Epiduo, sai dai yana da tsada. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya yi benzoyl peroxide na wanki da safe, adapalene da dare, amma kada a fara su rana ɗaya. A saba da ɗaya na mako biyu tukuna.

Ɗan makarantar kwana lissafinsa daban ne, kuma tun da aka fara sakandare kyauta a 2017 irinsu sun yi yawa a gidajenmu. Ƙararrawa ce ke tashinsa, ruwa a ƙididdige yake, babu wanda zai tuna masa. Maganin da ya fi masa shi ne wanda zai iya yi, wato abu ɗaya da dare. A kuma ja masa kunne kan mayukan da ke yawo daga akwati zuwa akwati a ɗakin kwana. Tunda ba a barin su da waya, uwa ko yaya ta ɗauki hoton fuskarsa a bakin taga kafin ya tafi, a sake ɗauka a wurin in ya dawo hutu. Madubi ba ya nuna sauƙin da ke zuwa kaɗan-kaɗan, hoto kuwa yana nunawa.

Sauran na shafawa ba sa buƙatar dogon bayani. Salicylic acid na kashi 2, wanda ke cikin sabulan fuska na kanti, mai laushi ne, ya ishi 'yan baƙaƙen ɗigo amma ba ya iya manya. Azelaic acid na kashi 20 yana yaƙar ƙurji yana kuma dusasar da tabo ba tare da bilicin ba, ya dace da fatar da ta kasa jure waɗancan biyun, sai dai ba kowane famasi ke ajiye shi ba. Clindamycin na shafawa antibayotik ne, shi kaɗai ba a son a yi amfani da shi domin ƙwayar na sabawa, sai an haɗa shi da benzoyl peroxide.

Shi tabon kansa abu biyu ke ciyar da shi: rana da yatsa. Baƙar fata ba ta cika ƙonewa a rana ba, amma rana na ƙara wa tabo duhu, adapalene kuma yana sa fata ta ƙara jin rana. Man kariya daga rana mai lamba SPF 30 yana taimakawa, ko da na safe ne kawai aka iya, tunda alwala na wanke shi. A nemi wanda ba ya barin fuska ta yi toka-toka. Matsa ƙurji kuwa, ko da farce ko wurin masu gyaran fuska, tura mugunyar ciki yake yi, ƙurjin mako ɗaya ya koma tabon wata shida, wani ma rami.

Akwai kuma waɗanda ba ƙurajen balaga ba ne sam, duk abin da na faɗa ba zai yi musu ba. Ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi, girmansu ɗaya, a goshi da ƙirji da baya, waɗanda ke tashi da gumi da laimar daminar Kumasi, sau da yawa naman gwarin fata ne ke kawo su. Maganin kyasbi irin ketoconazole suke ji, antibayotik ma ƙara su yake yi. Na haɓa da ƙeyar samari kuma yawanci daga aski ne, gashi ke lanƙwashewa ya koma cikin fata. A daina ƙwalƙwal da reza, a bar ɗan tsiro, domin na ƙeya in aka yi sakaci tudu yake zama.

Asibiti na wajaba ne idan ƙurajen manya ne masu zurfi da ciwo, ko sun fara barin rami ko tabo mai tudu, ko sun cika ƙirji da baya, ko an yi mako 12 ana shafawa yadda ya kamata ba sauƙi. Haka idan yaro ya fara ƙin fita, ya daina zuwa makarantar allo ko ta boko saboda fuskarsa, wannan kaɗai ya isa dalili, kada a ce masa ai kowa ya yi. Abin da likita ya fi fara ƙarawa shi ne doxycycline, na kimanin wata uku, tare da na shafawa, ba a madadinsa ba. Yana da araha, arahar kuma ita ce matsalarsa, domin mutane kan sayi goma su sha su bari, in ƙuraje sun dawo su sake saye, har ƙwayar ta daina ji. Ana shan sa da kofin ruwa cike, bayan abinci, kuma ba a kwanciya sai an yi aƙalla rabin sa'a, in ba haka ba yana iya maƙalewa ya ƙona maƙoshi. Da azumi ke nan bayan buɗa baki ya fi, ba da sahur ba, tunda yara komawa barci suke yi. A raba shi da maganin ƙarin jini, har wanda ake raba wa 'yan mata a makaranta, da maganin gyambon ciki, da tazarar sa'a biyu ko uku, don suna hana jiki ɗaukarsa. Ba a ba ƙananan yara saboda yana ɓata launin haƙori.

Ga 'yan mata akwai wata ƙofa da iyaye kan yi tsalle in sun ji ta: likita na iya rubuta ƙwayar tazarar haihuwa, domin tana rage tasirin androjin a fata. Ba zargin yarinyar yake yi ba, magani ne, kuma yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin a ga amfaninsa. Idan ƙurajen a haɓa da muƙamuƙi suka taru, ga al'ada ba ta zuwa daidai, ga gashi na tsirowa a haɓa, a faɗa wa likita duka, domin yana iya zama matsalar ƙwan mahaifa da ake kira PCOS, wadda man shafawa kaɗai ba ya isarta. Wadda kuma aka sa wa ranar biki ko ta riga ta tare, lissafi ya canza: adapalene da doxycycline ba na mai ciki ba ne ko mai shirin ɗauka. Azelaic acid da benzoyl peroxide ne likitoci suka fi natsuwa da su a wannan hali. Kuma wata uku kafin biki ake farawa, ba mako biyu ba, don a mako biyun nan ne masu gyaran jiki ke cusa wa amare man haɗi.

Na ƙarshe shi ne isotretinoin, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1982, aka fi saninsa da Roaccutane. Babu maganin da ya kai shi. Jakunkunan maiƙon yake tsukewa, ana sha wata huɗu zuwa shida ko fiye, kuma da yawa daga waɗanda suka gama ƙurajen ba sa dawo musu da ƙarfin da. Farashinsa ma ya fi na kowa, a aljihu da a jiki. Kusan duk mai shan sa leɓensa na tsagewa, hanci da ido su bushe, balle a ce an dace da hunturu. Akan duba jini saboda hanta da kitse, akan sa ido kan yanayin zuciyar yaro ko ya shiga ƙunci, ba a haɗa shi da doxycycline, ba a ba da jini ana kansa. Mafi girma shi ne yana nakasa ɗan tayi nakasa mai tsanani, don haka mace ba ta ɗaukar ciki tana sha, har sai an yi aƙalla wata ɗaya da dainawa. Wanda duk ya ga ana tallarsa a Instagram ko TikTok ya kauce. Wannan na likitan fata ne kawai, amma ga yaron da manyan ƙuraje suka fara rarake masa kumatu, jinkirin kai shi ya fi maganin haɗari, domin rami ba ya cikewa.

Likitocin fata a Ghana ƙalilan ne, yawancinsu a Accra da Kumasi suke, mu ke nan muna cikin masu sa'a. Hanyar ita ce a fara daga ƙaramin asibiti mafi kusa, irin na Manhyia, in abin ya fi ƙarfinsu su ba da takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wadda mai katin inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ke buƙata kafin babban asibiti ya karɓe shi a kan inshora. A tambaya tun farko wane magani katin ke biya, wane ne za a saya a waje. Ranar zuwa kuma a tattara duk abin da yaron ya taɓa shafawa a leda, har da wanda ba shi da suna, a faɗa wa likita wata nawa aka yi a kan kowanne, domin abin da zai rubuta ya dogara da hakan.